Gaisuwar Mutuwar da Ba a Yi wa Inna Ba

Tun ina yarinya a cikin garin Daura an san ni da baki. Mahaifiyata takan ce in aka bar ni da bango sai na ba shi shawara. Da na girma na zama ma'aikaciyar jinya bakin bai ragu ba, sai ma ya samu farar riga. Mai ciwon sukari in tare shi da faɗa, mai hawan jini in hana shi gishiri da tsawa, mai jego in fara karanta mata laifinta tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa ranar da shugabarmu a asibiti ta ce ni za a tura Katsina koyon jinyar masu damuwa ta hanyar sauraro, 'yan ɗakin haihuwa suka yi dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce gara a tura rediyo. Ita kanta shugabar ba don ta yarda da abin ta zaɓe ni ba. An ce a ba da mutum ɗaya, ita kuma ta gaji da ni.

Malamar da ta koyar da mu Bazazzagiya ce, 'yar guntuwa, muryarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso za ka ji ta. Ranar farko ta sa aka kwashe tebura, aka jera kujeru a zagaye kamar za a raba gado. Ta ce akwai abubuwan da za mu riƙa ajiyewa a bakin ƙofa tare da takalmanmu: shawara, da wa'azi, da “yi haƙuri”. Ban bari ta rufe baki ba na ɗaga hannu.

“Malama, in aka ƙwace wa Bahaushe ‘yi haƙuri’, me ya rage masa?”

“Kunnensa,” in ji ta.

Ta ce ba haƙurin take ƙi ba, ita ma Musulma ce, ta san matsayinsa. Abin da take ƙi shi ne yadda muke ɗaukarsa kamar murfin tukunya, da mutum ya fara tafasa sai mu kife shi, domin mu ne ba ma iya jure tururin. Na ji haushin maganar sosai, don na san da irina ake.

Ba karatun allo ba ne. Biyu-biyu ake haɗa mu, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya saurara, sannan ya mayar masa da abin da ya ji, ba ƙari ba ragi, har sai mai maganar ya ce haka nake nufi. Ka ɗauka abu ne mai sauƙi sai ka gwada. Ni dai kullum sai an tsayar da ni, domin kafin mutum ya kai tsakiyar zancensa na riga na haɗa masa magani. Akwai kuma aikin kujera: a ajiye kujera babu kowa a kanta, mai damuwa ya ɗauka wanda zuciyarsa ke riƙe da shi yana zaune a wurin, ya faɗa masa abin da bai samu faɗa ba. Wani malamin asibiti daga Baure, mai gemu da carbi, ya rantse ba zai yi wa kujerar roba magana ba. Da layi ya zo kansa, ya zauna yana murmushin raini, ya ce, “Baba,” sai muryarsa ta karye. Duk muka sunkuyar da kai.

Malamar ba ta yarda a koyi aikin a jikin wani ba. Ta ce wanda bai taɓa zama an saurare shi ba, ba zai san abin da yake nema daga mutane ba. Da aka zo kaina na ce ni lafiyata lau, ba ni da wata damuwa sai ta tuwon da ake ba mu. Ta ce to, ta yi shiru. Shirun nan ya yi ta tsawo har ya ishe ni, na buɗe baki don in kore shi, sai na ji ina ba da labarin jariran da suka mutu a hannuna, da yadda nake wanke hannu in koma in ci abincina don aiki na jira. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya ce in daina. Na tashi a wurin ina jin kunya, kuma ina jin sakayau.

Da na dawo Daura aka ba ni wani tsohon sito kusa da inda ake karɓar magani. Na share shi da kaina, na sa kujerun roba da tabarma. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna ɗakin hira. Shugabarmu takan leƙo ta ce, “Yau allura nawa kika yi da kunne?” Ni kuwa in ce mata ta shigo ta zauna ta gani, ba ta taɓa shiga ba. Lokaci-lokaci nakan kira malamar a waya in gaya mata yadda aikin ke tafiya, ba tare da na ambaci kowa ba, ta nuna mini inda na yi gaggawa. Kusan kullum gaggawa ce laifina.

A nan aka turo mini Inna. Haka nake kiranta, don ta kusa haifata. Bafulatana ce daga wata ruga can bayan Dutsi, ta daɗe tana zarya a asibiti da cewa wani abu ya tokare mata ƙirji, abinci ba ya wucewa. An auna jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. An ba ta maganin gyambon ciki, an ba ta na ƙarin jini, tana ta ramewa har awarwaronta na zamewa daga hannu. Likita ya gaji ya ce a kai ta wajen mai hira. Ta shigo ta dubi kujera ta wuce ta zauna a kan tabarma, ni ma na sauko.

Zuwan farko da na biyu shanu muka tattauna, da tsadar dusa, da ruwan da ya yi jinkiri. Harshena har ƙaiƙayi yake, amma na danne. Wata rana tana lissafa mini 'ya'yanta, wannan tana aure a Mai'adua, wannan yana kiwo, sai ta kau da kai ta ce, “Da kuma na wajen goggonsu.” Duk 'yar ƙasar nan ta san abin da wannan ke nufi. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. Mu a cikin gari mun sassauta abin, amma a ruga yana nan da ƙarfinsa: ana yaye yaro a miƙa shi ga kaka ko goggo, ita ce uwarsa a idon duniya. Nata an ba yayar mijinta.

Na ce, “Shi yana ina yanzu?”

“Allah ya karɓi abinsa,” in ji ta, kamar mai ba da labarin saniyar maƙwabta.

A hankali, ba a zama ɗaya ba, labarin ya fito. Magidanci ne, har ya yi aure. Ranar kasuwar Mai'adua ya hau mashin, mota ta kaɗe shi a hanya. Da aka yi zaman makoki, a ƙofar goggo aka shimfiɗa tabarmi. Mutane suka yi ta zuwa daga rugage da ƙauyuka, su wuce ta gaban bukkar Inna su je su durƙusa wa goggo. Ita kuwa tana bayan gida tana girki wa baƙi, ita ta daka gumbar sadaka. Ba mugunta aka yi mata ba, kara aka yi mata. A wajensu tsayawa a ce mata ɗanki ya rasu tozarci ne, kamar a tuɓe mata zane ne a kasuwa. Ita ma ta riƙe fulakonta, kunyar nan ta Fulani, gam, ko hawaye ba ta bari an gani ba. Aka watse ana yabon kunyarta.

Ni da sabon ilimina, na jawo kujera na ajiye a gabanta. Na ce ta ɗauka yana zaune a nan, ta faɗa masa abin da ke ranta. Ta dubi kujerar, ta dube ni.

“Malama, yana da rai ban yi mishi magana ido da ido ba. Sai ya mutu zan yi wa roba?”

Na ɗauke kujerata na jingine. Da na gaya wa malamar, dariya ta yi. Ta ce kujera ba ita ce aikin ba, mutum ake bi duk inda ya nufa, in koma in tambayi Inna yadda suke magana da shi da can, tunda ba uwar da ba ta magana da ɗanta ko ta wace hanya.

Na kuwa tambaya. Inna ta daɗe tana murza gefen tabarma. Ta ce tun yana yaro, kullum in ta dama fura takan ɗebi mai kauri, wadda ta ji kindirmo, ta ajiye a ƙwarya bayan bukkar goggo, ba ta ce ta wane ce ba. Shi kuma ya sha, ya wanke ƙwaryar ya kife ta a inda ya same ta. Har ya yi gemu haka suke. Ta ce, “Har yau in na dama, hannuna sai ya ɗebi nasa.” Daga nan ta kifa kai a gwiwa. Kukan ba mai ƙara ba ne, irin wanda ke girgiza kafaɗa ne, kuma ya daɗe. Bakina ya cika da kalmomi, na haɗiye su duka na zauna kusa da ita. Da ta ɗago ta nemi ruwa, ta shanye kofi guda, ita da ta ce ko ruwa tsaya mata yake.

Kuka in ya samu hanya ba ya sanin inda ya kamata ya tsaya. Ashe da ta koma gida, tana tatsar nono da safe ya sake zo mata, mata suka ji. Ba a jima ba sai ga goggo a asibiti, doguwar tsohuwa da sanda, tana tambayar ina ne ɗakin da ake sa matan mutane kuka. Shugabarmu da kanta ta rako ta, fuskarta ɗauke da murnar wadda zancenta ya tabbata.

Na shimfiɗa wa goggo tabarma ta ƙi zama.

“Ke ce mai koya wa matar ƙanena rashin kunya?”

“Sannu da zuwa, Goggo. Ni sauraronta nake yi.”

“Mun kawo ta a ba ta magani, kin mayar mana da ita abin nuni. Ni na goya yaron nan, ni na yi mishi kaciya, ni na yi mishi aure. Ni aka yi wa mutuwa. Ita mene ne nata a ciki?”

Na ga ita ma tana cikin ciwo, kuma duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Na ce mata na ji, ta yi rashi babba, ba mai musun wannan. Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma akwai maganar da in na haɗiye ta ban ga amfanin zamana a ɗakin ba.

“Goggo, ita ta haife shi.”

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce daga yau ƙafar Inna ba za ta sake taka ɗakin nan ba, ta juya. Shugabarmu ta tsaya ta ba ni nata kason. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin maganin da ke sa mara lafiya kuka ba, wannan aikin na mutanen wata ƙasa ne da ba su san kunya ba, mu nan muna da addini muna da dangi. Na ce mata dangin ne suka zagaye matar nan ta kusa ƙarewa a tsakiyarsu, addinin kuwa bai hana uwa hawaye ba, ta je ta tambayi duk malamin da ta yarda da shi. Ta ce in iya bakina. Na ce ai iya shi aka tura ni koyo, kuma na iya shi a inda ya dace.

Inna ta daina zuwa. Damina ta sauka sosai, ɗakin hira ya fara yoyo, ina tara ruwa a bokiti ina sauraron wasu. Amma raina yana kanta. Na san an mayar da ita inda za ta ci gaba da haɗiye abin da ya hana ta haɗiyar tuwo, kuma na ga yadda jikinta ya riga ya zama. Tsoro nake ji ƙwarai kada wata rana a ce mini an binne ta.

Sai wata safiya mijinta ya kawo ta karɓar magani. Yana can a layi da kati, ta zame ta leƙo ƙofata. Ta ƙara ramewa. Ba ta zauna ba, ni ma ban ɓata lokaci da dogayen gaisuwa ba.

“Inna, me kike so? Ba abin da Goggo ke so ba, ba abin da ni nake so ba.”

Ta dubi ƙasa. “Kowa an yi mishi gaisuwa. Har maƙwabta an yi musu. Ni ba wanda ya yi mini.”

“In yi miki yanzu?”

“A nan?” Ta girgiza kai. “Nan ai ɓoye ne.”

Na gane. Na ce, “In na zo har gida na yi miki a gaban kowa, zai ƙara miki wahala?”

“Zai ƙara,” in ji ta. Ta gyara lulluɓi, ta leƙa ko mijin ya taho. “Ki zo.”

Na kira malamar. Ta ce wannan ba ya cikin abin da ta koya mini, kuma mai wannan aiki ba ya bin mutane gida haka kawai. Ta tambaye ni ko tunanina ne ko na matar. Na ce nata ne, na kuma gaya wa Inna abin da zai biyo baya ta ce ta yarda. Malamar ta ce to in bar farar rigata a gida, in je a matsayin Musulma mai gaisuwar mutuwa, kada in yi wa kowa lacca.

Har yau ana tambayata, wasu da gaske wasu da ba'a, wai wannan aikin namu yana magani kuwa? Ba ni da awon da zan nuna, ƙirjin mutum ba ya fitowa a hoto ta wannan fuskar. Akwai waɗanda suka zauna a tabarmata suka tashi yadda suka zo, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan sunkuyar da kai don wani ya kira ɗakina ɗakin hira ba. Ga abin da na gani da idona, kowa ya yi yadda ya ga dama da shi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na sa hijabina na hau mota zuwa Dutsi, daga can ɗan acaba ya shiga da ni ta cikin gonaki, gero ya fi mu tsayi, yashi na kama taya. Na isa rugar da la'asar. Maza suna wajen shanu, mata suna tsakar gida, wata na daka, wata na tankaɗe. Goggo na zaune a ƙofar bukkarta, ta gane ni tun daga nesa.

Wajenta na fara zuwa, don ita ce babba kuma ita ma an yi mata mutuwa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa yadda ake yi, na yi wa mamaci addu'a. Ta amsa a daƙile, amma ta amsa. Ina jin ta ɗauka ban-haƙuri na zo yi.

Sai na miƙe na ratsa tsakar gidan. Inna na tsugune a ƙofarta tana wanke ƙore. Na cire takalmi na durƙusa a gabanta, na ɗaga murya yadda na bayan danga ma zai ji.

“Inna, na zo yi miki gaisuwar ɗanki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.”

Taɓarya ta tsaya. Mai tankaɗe ta riƙe rariya a sama. Daga can goggo ta ɗago murya.

“Baƙuwa, kin yi ɓatan ƙofa.”

“Ban yi ba, Goggo.”

Abin da aka sani, Inna za ta kau da kai, ko ta tashi ta shige ɗaki, ko ta nuna mini ƙofar goggo ta ce ga uwarsa can. Ta kuwa tashi ta shige ɗaki. Na ce shi ke nan, na tozarta baiwar Allah a banza. Ina nan durƙushe, idanun mata duk a bayana.

Sai ga ta ta fito da tabarma a naɗe. Ta karkaɗe ta, ta shimfiɗa a ƙofar bukkarta, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa, ta ja mayafi ta rufe kanta kamar yadda masu karɓar gaisuwa ke yi. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Goggo ta juya mana baya.

“Amin,” in ji Inna, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Ta matsa mini gefe. “Zauna, Malama. Yau ni ake yi wa gaisuwa.”